Maki Nawa Za a Ba Hayaƙi?

Bana azumi ya sake faɗowa a bakin damina, kamar yadda yakan yi in ya gama dogon zagayensa. Jikata Rakiya, malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a nan Sokode, ta shigo jiya da la'asar leɓe a bushe, ta zube a kan tabarmata tana mita. Wai an tara su gyaran takardun jarrabawa, an faɗa wa kowa abin da za a ba maki da abin da za a hana, amma duk da haka ita ta ba wani yaro goma sha biyu, ta kusa da ita ta ba shi takwas.

Ta ce, "Kaka, takarda ɗaya fa! Amsa ɗaya!"

Na ce, "Ke yaushe kika duba?"

"Da safe."

"Ita fa?"

"Bayan azahar."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ta ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Na ce, a'a matar, wannan ciwon ya girmi ubanki, gyara zama ki ji.

Zamanin Faransa ne, ina saurayi, ban daɗe da fara koyarwa ba aka tura ni can arewa, Dapango, garin da yanzu kuke kira Dapaong. Mu 'yan zongo da muka shiga lakwal a lokacin ba mu da yawa, wanda kuma ya kai ga a ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, sai a riƙa nuna shi da baki a kasuwa. Na sauka a gidan Inna Memuna, 'yar unguwarmu ce ta Didaure a nan Sokode, aure ya kai ta can. Mijinta bafataken goro ne, ya rasu ya bar ta da tagwaye, Alasani da Fuseni. Wanta da ke Sokode, wanda yaran ke ce wa Kawu Sidi, ya ɗauke Alasani ya kai shi aikin gonar koko can ƙasar Gwalkwas. Tun daga nan ko saƙon gaisuwa ba a samu ba. Fuseni ne ya rage mata, kuma yana ajina, ajin ƙarshe.

Yaron ya kai iyakar shekarun da ake yarda a zauna wa jarrabawar satifika, ta gama firamare. Bara ya zauna ya faɗi. Kawu Sidi ya aiko cewa ya yi haƙurin shekara ɗaya, in bana ma bai samu ba, ya haɗa tsummokaransa ya bi sawun ɗan'uwansa. Ya kuma ƙara da cewa in ya ji labarin ana kwana da yunwa a gidan, ba zai jira wata jarrabawa ba, don ba zai bar jininsa ya lalace saboda takardar Nasara ba. In kuwa Fuseni ya samu satifika, za a iya ɗaukarsa koyon aikin jinya, ya zauna kusa da uwarsa. Wannan maganar kowa a gidan ya san ta, ba mai tayar da ita.

Shekarar kuwa ta zo da gardama. Kakar bara ba ta yi albarka ba, tun kafin bazara ta yi nisa rumbuna suka fara amsa kuwwa. Zafi ya yi zafi. In ka taka dutse da rana sai ka ɗaga ƙafa ba shiri, inuwar ma kamar an hura ta. Sai ga hadari wata ranar kasuwa, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya cika da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, shinge, ƙwaron nan mai fiffike, ya fito yara suna kamawa suna soyawa a kasko. Washegari kowa ya fita da sungumi. Inna Memuna tana da 'yar gona da wani tsohon Bamoba, ɗan asalin garin, ya ara mata a bayan gari, muka tafi mu uku, Fuseni yana sara, ita tana zuba iri, ni ina binnewa da diddige ina ɓata layi, suna yi mini dariya. Gero ya tsiro, ya yi kunnen kura, gwanin sha'awa. Daga nan sama ta kulle. Kullum hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, iska ta kwashe shi ta kai wa waɗansu. Muna kallo shuka ta naɗe ta bushe.

Da ruwa ya dawo sai aka sake shuka, kuma irin da aka zuba karo na biyu daga bakin mutane aka cire shi. A cikin wannan hali aka ga wata.

Albashi ina da shi, amma kuɗi ba ya tuƙuwa. Ranar kasuwa mata sukan zo da kwanduna su koma da su yadda suka zo. Ɗan hatsin da ya fito, an daina auna shi da mudu, sai da gwangwanin madara, shi ma a ɓoye. Abin da ya riƙe mutane shi ne daji. Da asuba Fuseni yakan tafi tsintar 'ya'yan kaɗanya kafin lakwal, ya dawo raɓa ta jiƙa masa wando. Ga garin ɗorawa mai ruwan ƙwai da ake damawa a sha, yana da zaƙi amma ba ya zama a ciki. Ga tafasa da lalo da suka fara fitowa a juji. A aji kuwa, in rana ta ɗaga, sai ka ga kawuna suna sauka kan tebur ɗaya bayan ɗaya. Nakan ɗaga bulala in mayar, don ni ma allon rawa yake yi mini.

Mu maza a ƙofar masallaci muke shan ruwa. Kowane gida yakan fito da kwano, a haɗa a ci tare. Kwanon Inna Memuna bai taɓa fashi ba. Wata rana tuwo kamar ƙwan zabo, wata rana kwaɗon tafasa, amma yana fitowa. Kuma kullum in la'asar ta yi sanyi, hayaƙi yana tashi daga murhunta ya haura katanga, babbar tukunyarta tana kai.

Ranar da na gane, iska ce ta tona. Hadari ya taso gab da magariba, guguwa ta shigo tsakar gida ta fizge faifan da aka rufe tukunyar da shi, ya gangaro har ƙafata. Na ɗauka na kai mata. Idona ya faɗa ciki ba da niyya ba. Ruwa ne zalla yake tafasa, har ana ganin gindin tukunya. Ta karɓi faifan ta ce, "Sannu, Mushe." Ta rufe, ta ɗora dutse a kai, ta ƙara kara a wuta. Na ce, "Sannu da aiki, Inna." Iyakar abin da muka ce ke nan, har ta bar duniya ba mu ƙara kalma a kai ba.

Sai na fahimci tsarin gidan. Ɗan abin da aka samu, in ya isa a ci, in bai isa ba a tura shi waje a kwanon maza, su biyu su sha ruwan tsamiya da 'ya'yan kaɗanya, tukunya kuma ta yi ta tafasa don idon unguwa. Azumi yana rufa asiri da rana, hayaƙi yana rufawa da maraice. Daga ranar sai cikina ya fara ciwo a kai a kai, ciwon da ke sa mutum ya dawo da rabin kwano. In na samo gwangwanin gero sai in ce wani uban yaro ne ya kawo mini, ni kuma ban iya daka ba. Takan dube ni ta ce, "Allah ya sawwaƙe ciwon nan naka." Na rantse har da ɗan murmushi.

Ni kuma Allah ya yi ni da son sanin ƙwaƙwaf. Lakwal ɗinmu a kan tudu take, in na tsaya da yamma ina hango zongo da gidajen Mobawa, ko'ina hayaƙi yana tashi. Na riƙa tambayar kaina, wanne ne na tuwo, wanne ne na ruwa? Na gwada da launi, na gwada da kauri, ban gane ba. Rannan na tambayi tsohon da ya ara mana gona, da Hausarsa ta kasuwa da ba ta raba mace da namiji. Ya bushe da dariya ya ce, "Mushe, kai yana duba sama. Duba ƙasa. Gida da mata ya dafa gaskiya, kare yana zaune ƙofa." Na duba kuwa. A shekarar nan karnuka yawo kawai suke yi.

Jarrabawa ta zo a tsakiyar azumi. A da, kowane gari shi yake gyara takardun yaransa. Bara sai abin ya zama abin magana: a Sokode kusan kowa ya haye, a arewa kusan kowa ya faɗi, alhali tambayoyin iri ɗaya ne. Masu hali har sun fara tura 'ya'yansu wurin dangi a Sokode don su zauna a can, wai hannun malaman can ya fi sanyi. Sabon sufeton makarantu, wani Bature dogo da muke kira Mai Lofe, ya ce bana ba haka ba. Kowa ya rubuta a garinsa, a naɗe kusurwar takarda a manne sunan yaro, a kwaso duka a kawo Sokode, malamai su zauna ɗaki ɗaya su gyara. Ni ma aka sa ni cikin masu zuwa.

Ranar rubutu ba a bar ni na shiga ɗakin ba, tunda ajina ne. Ina gindin bishiyar maina har suka fito. Na tari wani yaro na ce me aka tambaya a insha'i, wato takardar da ake ba yaro batu ya rubuta labari da kansa. Ya ce, "An ce mu ba da labarin abincin da aka ci a gidanmu jiya da maraice."

 Wanda ya tsara tambayar nan yana can bakin teku, na tabbata da alheri ya yi, ya ga ai ba yaron da ba ya cin abinci. Jiya kuwa ranar hayaƙi ce a gidanmu. Fuseni ya fito ya wuce ni kansa a ƙasa. Ban tambaye shi ba, don ba ni da bakin tambaya.

Muka hau kamiyo, babbar motar kaya, da buhun takardu an ɗaure shi da igiya an buga jan hatimi. Tafiya tana nisa ƙasa tana canja kaya. Kafin mu iso Sokode ciyawa ta kai gwiwa, kunyoyin doya sun yi lif da ganye, rafuka suna gudu. Da muka shigo Didaure ana gab da shan ruwa, ƙamshin ƙosai ya buge ni har sai da na ji jiri. Na ga yara suna wasa da ɓawon doya mai sauran nama a jiki, na tsaya ina kallonsu kamar baƙauye.

Ko hutawa ban yi ba sai ga Kawu Sidi ya zo gidan mahaifina yi mini barka da zuwa. Bayan gaisuwa ya matso ya ce, "Malam, mun ji arewa ba daɗi. Gidan ƙanwata fa? Ana dai ci?"

Ga azumi a bakina. Na ce, "Alhamdu lillahi, Kawu. Tun da na sauka a gidan, ban ga maraicen da ba a ɗora tukunya ba."

Ya gyaɗa kai, amma ya daɗe yana kallona kafin ya tashi.

Washegari aka tara mu a babban aji, an jera tebura. Mai Lofe ya shigo yana busa hayaƙinsa a kan masu azumi, ko a jikinsa. Ya ce kafin kowa ya taɓa tarin nan, sai mun daidaita hannu. Ya zaro takarda daga tsakiya ba tare da ya duba ba, ya ce za a karanta ta a fili, ta zagaya kowa ya gani, kowa ya rubuta makinsa a ɓoye a kan ashirin, sa'an nan a buɗe a ga ko mudunmu ɗaya ne. Abin ya burge ni ƙwarai. Ban taɓa tunanin ana auna mai awo ba.

Ta farko yaro ne ya ba da labarin sakwara da miyar gyaɗa. Muka buɗe, kowa yana tsakanin goma da sha uku. Ta biyu biki ce sosai: rago, shinkafa, kaji har uku, baƙi suna ta shigowa. Aka ba ta sha huɗu, sha biyar. Ni na san hannun, yaron ajina ne, uwarsa tana cikin masu tsintar kaɗanya. Na haɗiye dariyata na ce na san mai ita, ba zan ba da maki ba, haka dokar take.

Ta uku, wanda aka ba ya karanta shi ne Mushe Kosi, babbanmu a shekaru, mutumin kudu, mai farin kwat da jan alƙalami. Ba mugu ba ne, amma a wurinsa kuskure kuskure ne ko na ɗan gwamna. Ya gyara tabarau ya fara. Da Faransanci ne, amma ga abin da ta ce, don ban manta ba:

"Jiya da maraice uwata ta share murhu. Ta hura wuta da karan dawa. Ta ɗora babbar tukunya, wadda aka saya ranar sunanmu. Hayaƙi ya tashi ya haura katanga, maƙwabta suka gani. Na zauna kusa da ita ina tura kara. Tukunya ta tafasa, murfi yana rawa. Da aka kira salla muka sha ruwa muka gode wa Allah. Uwata ta ba ni labarin kasuwar garinsu. Wuta ta mutu a hankali. Na wanke tukunya. Ba ta yi wuyar wankewa ba."

Tun da na ji "ranar sunanmu", maganar tagwaye, na san takardar Fuseni ce. Na ajiye alƙalami na ce wannan ma na san hannun.

Aka buɗe maki. Kai, ranar na ga abin mamaki! Wani bakwai, wani tara, wani sha ɗaya. Mushe Abalo, wani Bakabire, mutumin kan duwatsu, shiru-shiru, da ke koyarwa a ƙauye, ya ba da sha shida. Mushe Kosi ya ba da huɗu. Kuma duk wanda ya samu ƙasa da biyar a insha'i ya faɗi ke nan, ko da ya cinye lissafi.

Mai Lofe ya cire lofe daga baki ya ce, "Huɗu da sha shida a takarda ɗaya? To ɗayanku ya yi bayani."

Mushe Kosi ya ce, "Nawa mai sauƙi ne. An ce abinci. Ina abincin? Ya hura wuta, ya ɗora tukunya, ya wanke tukunya. Me aka dafa? Wa ya ci? Ya bar tambaya ya kama gefenta. Ga shi kuma ya mai da tukunya namiji har sau uku." Gaskiyarsa ce a nan, yaranmu na arewa ba sa raba mace da namiji a Faransanci, yadda ba sa rabawa a Hausarsu. Sai ya juyo gare ni. "Kai da ka san shi, faɗa mana. Mantawa ya yi, ko lokaci ne ya ƙure masa? Me suka ci?"

Duk ɗakin ya zuba mini ido. Ka ga tsaka mai wuya. In na yi shiru, hannun Mushe Kosi ne zai zama mudu, don shi ne babba, yaro ya faɗi, Kawu Sidi ya ɗauke shi. In na yi magana, rabin mutanen ɗakin nan a Didaure suke shan ruwa, kowa kuma ya san gidan da nake zaune. Magana a Sokode ba ta kwana. Kafin a kira isha'i ta isa kunnen Kawu, ya ɗauke yaron tun ba a fitar da sakamako ba. 

Na ce, "Mushe, na riga na janye hannuna daga takardar nan. Bakina ma ya janye."

Ya ɗaga kafaɗa ya kai hannu zai rubuta. Sai Mushe Abalo ya yi gyaran murya. Tun safe ba wanda ya ji muryarsa.

Ya ce, "Ban san yaron ba, ban san garinsu ba. Amma abincin nan na san shi, na ci shi a gidan uwata shekaru da yawa, a kan duwatsunmu, duk lokacin da aka yi shuka ba a kai ga girbi ba. Bai manta komai ba. Duk abin da ke cikin tukunyar ya faɗa."

 Mushe Kosi ya sake duba takardar, leɓensa yana motsi, har ya kai layin ƙarshe. Ya cire tabarau. Abin da ya ba ni sha'awa da mutumin nan, bai yi fushi ba, tambaya ya yi kamar ɗan aji.

"Ruwa kawai? To don me za a ɓata itace?"

Mushe Abalo ya ce, "Don maƙwabci. In bai ga hayaƙi a gidanka ba, dole ya aiko maka da kwano. Shi ma ba shi da shi. Sai ka hura wuta don ya samu ya yi barci."

Ni da na zauna a gidan, wallahi ban kai tunanina nan ba. Na ɗauka kunya ce kawai.

Mushe Kosi ya nuna Mushe Abalo da jan alƙalami ya ce, "Na ji, huɗuna ba daidai ba ne. Amma sha shidanka ma ba daidai ba ne. Kai ba takardar ka ba maki ba, uwarka ka ba. In tausayi ne mudu, gobe da yamma in na gaji, wa zai tausaya wa yaron da ban gane irin yunwarsu ba? Ku ba ni abin da zan riƙe, wanda ba ruwansa da abin da na sani ko ban sani ba."

Mushe Abalo ya yi murmushi ya ce ya amsa laifinsa. Mai Lofe ya jawo takarda ta biyu ya kaɗa ta ya ce, "Mai ragon nan fa? Wa ya ga ragon?" Aka fashe da dariya, don kowa ya fara zargin abin da ni na sani. Muka kai azahar muna ja-in-ja. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa ba mu da ikon buɗe tukunyar kowa. Abin da za mu auna shi ne, yaro ya ba da labarin maraicen gidansu a jere, mai karatu yana gani kamar yana wurin? Wannan kashi ɗaya. Faransancinsa ya tsaya da ƙafafunsa? Kashi na biyu. Kurakurai kuma a ƙirga su iri ɗaya ga kowa, kuskuren da aka maimaita a kalma ɗaya sau ɗaya za a cire. Rago ba ya ƙara maki, rashinsa ba ya ragewa.

Aka sake zagayawa da takardun uku. Mai rago ya sauko sha biyu, don rabin labarinsa jerin sunayen abinci ne. Mai tukunya kuwa, kowa ya faɗo tsakanin sha ɗaya da sha uku. Mushe Kosi sha biyu, Mushe Abalo sha biyu. Suka dubi juna kamar waɗanda suka haɗu a tsakiyar gada.

Da muka shiga tarin sosai, sai ga irinta suna ta fitowa daga buhun arewa. Wannan ya ba da labarin Sallar bara, wancan ya kwatanta kwanon ubansa tun daga murfi har gindi bai ce me ke ciki ba, wani ya cika shafi da wanke hannu. Da an bi hannun farko, da an share su kaf.

A nan ne kuma na gano abin da ya sa na yi wa Rakiya dariya. An ce kowane ƙunshi mutum biyu za su duba, aka haɗa ni da Mushe Kosi a kan takardun Sokode. Da safe makina yakan fi nasa, bayan azahar nasa ya fi nawa. Na rasa dalili, sai da na lura da cikinmu. Ni da safe sahur yana jikina, raina fari. Shi kuwa kafin tsakar rana yunwa tana cizonsa, alƙalaminsa yana zubar da jini. In ya je ya ci ya dawo yana sakace, sai ya zama kakan yara, ni kuma lokacin ƙishirwa ta sa ko wasali ya karkace sai na soke shi. Da na faɗa masa ya yi dariya har da hawaye. Muka shirya, duk inda muka saɓa da yawa a ajiye ta sai washegari da hantsi, lokacin da ba mai jin haushin kowa.

Ranar ƙarshe aka tsage kusurwoyi aka karanta sunaye. Fuseni ya haye. Ba a sama yake ba, lissafinsa ya yi rauni, sha biyun nan ce ta tsallakar da shi. Kawu Sidi da ya ji, cewa ya yi, "To, Allah ya sa albarka," ya juya. Yaron bai je Gwalkwas ba. Ya yi aikin jinya a Dapango har ya yi furfura, shi ya rufe wa uwarsa ido.

Na koma ana saura kaɗan Salla, da buhun masara daga gidanmu, don tsaraba ba a mai da ita. Shukar ta biyu ta kama, gero ya kai ƙwauri, ana noman farko. Na same su a tsakar gida sun dawo daga gona, ƙafafu duk taɓo. Na ce, "Inna, albishirinki!"

Ba ta ce goro ba. Ta ɗaga mini hannu ta ce, "Dakata, Mushe. Matan unguwa sun ce Nasara ya tambayi yara abin da suka ci a gida. Na kasa tambayar yaron nan, shi ma bai faɗa mini ba. Kai ka ga takardar. Me ya ce musu?"

Fuseni yana tsugune, ya kafa ido a ƙasa.

Na ce, "Ya ce kin share murhu, kin hura wuta, kin ɗora tukunya."

"Sai me?"

"Ya ce hayaƙi ya tashi, maƙwabta sun gani."

"Ya faɗi sunan abin da ke ciki?"

"Bai faɗa ba."

"Ya yi musu ƙarya? Ya ce kaza?"

"Bai yi ba, Inna."

Ta yi ajiyar zuciya, ta dubi ɗanta, idonta ya ciko. Ta ce, "To, ka ci."

Sai bayan nan ta juyo gare ni, kamar wadda ta tuna da wani ƙaramin saƙo, ta ce, "Su kuma can me suka ce?"

Na ce su ma sun ce ya ci.

Ta goge ido da bakin zane ta ce, "Ashe su ma sun iya dubawa." Ta miƙe ta kwance bakin buhu, ta ce wa Fuseni ya kawo kara.